Wasiƙa daga Groningen: yadda sakamakon ɗalibi ke ƙetare iyaka, daga ambulan mai hatimi zuwa kwamfuta

A yi mini afuwa, kwana biyu ban rubuto ba, babi na uku ne ya riƙe mini wuya, malamin da ke duba aikina kuma ba ya wasa da wa'adi. Nan Holan dai sanyi ya sauka, kafin ƙarfe biyar na yamma duhu ya rufa, ga iskar da in kana bisa keke sai ka ji kamar za ta ɗauke ka.

Abin da ya tayar da wannan wasiƙa shi ne wayar da muka yi da Autanmu ranar Lahadi. Yana son neman gurbin digiri na biyu a nan Turai, an ce ya sa jami'arsa ta aiko da cikakken sakamakonsa, wato abin nan da muke kira tiranskirif, yau wata biyu ke nan yana zarya. Cikin fushi ya ce mini, "Yaya, wai a wannan zamani da ake aika kuɗi ta waya cikin minti ɗaya, me ya hana a aika takarda ɗaya?" Na ce masa amsar tana da tsawo, kati ba zai isa ba, zan rubuto.

Bari in fara da nawa labarin, duk da cewa su Inna sun san shi, don sun sha addu'a a kai. A 2018 da na samu tallafin karatu, sharaɗin shi ne sakamakona ya iso nan kafin ƙarshen watan Mayu, a cikin ambulan da aka liƙe, aka buga hatimi a bakinsa, daga hannun jami'a zuwa hannun jami'a. Ni mai sakamakon ba a yarda in taɓa shi ba. Na biya kuɗi a banki, na kai rasit, aka ce fayil ɗina yana sashenmu. Na je sashen, aka ce malamin da makullin ke hannunsa ya yi tafiya. Da aka gano fayil ɗin sai ga shi babu sakamakon zango ɗaya na aji biyu, sai da aka tono tsohon littafin maki aka kwafo da hannu. Yaya Babba ne ya riƙa barin shagonsa yana zuwa ya zauna a bakin ofis, Allah ya saka masa da alheri. Ambulan ya iso saura kwana huɗu.

To a shekarata ta farko a nan, muna zaune a ɗakin karatu da wata 'yar ajinmu 'yar ƙasar Norwe, tana cike takardar neman wani kwas a Suwidin. Da ta zo wurin sakamako sai na ga ta latsa wani wuri, ta zaɓi ƙasarta, ta shigar da kalmar sirrinta, darussan da ta yi suka fito a jere, ta zaɓi waɗanda take so, ta aika. Shayina bai huce ba ta gama. Wallahi sai da na ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Tun daga ranar nake bin diddigin yadda aka yi aka zo nan, ga kuma abin da na tsinta.

Matsalar ta girmi jami'a. Duk wanda ya yi karatu a wani gari ya tafi wani, sai an tambaye shi wa ya karantar da shi, kuma ina shaida. A wajenmu amsar ita ce ijaza: malami ya rubuta da hannunsa cewa wane ya karanta littafi kaza a gabana, na ba shi izinin karantar da shi, ni ma na karɓa daga wane, shi kuma daga wane, har a kai ga mawallafin. Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu, ya karɓi irin wannan a Alƙahira daga Murtada al-Zabidi, mai ƙamus ɗin nan Tajul Arus, ya dawo da ita ƙasarmu. Ku lura da abu ɗaya, domin zan dawo kansa: ijaza a gafakar ɗalibi take, shi ke yawo da abarsa, ƙarfinta kuwa sunan malamin da ya sa hannu ne, wanda masana suka san shi, suka san rubutunsa.

Turawa sun bi wata hanya. A tsakiyar ƙarni na 12 sarki Frederick Barbarossa ya ba ɗaliban da ke zuwa Bolonya ta Italiya daga wasu ƙasashe kariya, har da hana a kama ɗalibi saboda bashin da wani ɗan garinsu ya ci ya gudu. A 1233 Fafaroma Gregory na 9 ya ba jami'ar Toulouse ta Faransa wata dama, cewa duk wanda ta yaye yana iya koyarwa a ko'ina ba tare da an sake yi masa jarrabawa ba. Wannan ne karo na farko da na sani da aka yi ƙoƙarin yin shaidar karatu mai ci a kowace ƙasa, kuma da wannan nauyin shaida ya tashi daga kan malami ɗaya ya koma kan hukumar makaranta da hatiminta. Sai dai a aikace manyan jami'o'in ba su cika mutunta abin ba. Paris da Oxford kowace ta riƙa sake gwada malaman da ɗayar ta yaye. Shi kansa Erasmus na Rotterdam, wanda yau ake kiran babban shirin musayar ɗalibai da sunansa, ya yi karatu a Paris, ya koyar a Cambridge, amma digirinsa na dakta a Turin ya karɓe shi a 1506, 'yan kwanaki kawai da saukarsa garin. In da yau ne da ofishin tantance takardu ya yi masa tambayoyi.

Daga nan zan yi tsalle mai nisa zuwa 1958, ga labarin da ya fi taɓa ni. Wata ɗaliba 'yar Italiya mai suna Sofia Corradi ta samu tallafin Fulbright ta je jami'ar Columbia a New York, ta yi digiri na biyu a fannin shari'a. Ta dawo Rum tana murna, ta je ofishin jami'arta don a lissafa mata abin da ta karanta a can cikin digirin da ba ta ƙarasa ba a gida. Aka ƙi. Takardunta na gaskiya ne, babu wanda ya ce jabu ne, jami'ar ce kawai ba ta ga dalilin da zai sa ta ƙirga karatun da ba a ƙarƙashin rufinta aka yi ba. Dole ta zauna ta rubuta sauran jarrabawar. Wani da sai ya haɗiye ya wuce, ita kuwa ta mayar da abin aikin rayuwarta. Ta zama mai ba ƙungiyar shugabannin jami'o'in Italiya shawara, tun daga 1969 tana rubuta takardu tana bin shugabanni a kan a bar ɗalibi ya yi wani ɓangare na karatunsa a waje kuma a ƙirga masa. Kusan shekara ashirin ana wannan jan. Italiyawa suna kiranta Mamma Erasmus.

A watan Yunin 1987 aka amince da shirin Erasmus, shekarar farko ɗalibai 3,244 daga ƙasashe 11 suka tafi. Nan da nan matsalar Corradi ta sake ɗago kai, a wannan karon dubbai. Yaro ya yi wata shida a Jamus ya dawo Sifen da takarda, maki a can daga 1 zuwa 5 ne kuma 1 ce mafi kyau, a nan Holan daga 1 zuwa 10 ne kuma 10 ce mafi kyau, wa zai fassara? Shi ya sa a 1989 aka fara gwajin ma'auni ɗaya da ake kira ECTS, a fannoni biyar: likitanci, kimiyyar sinadarai, tarihi, injiniyancin injuna da harkar kasuwanci. Dabarar ita ce a auna wahalar da ɗalibi ya sha, kamar yadda ake awon hatsi da tiya ɗaya a kasuwa. Shekara guda ta karatu awo 60 ce, kowane awo kuma aikin sa'a 25 zuwa 30. A nan Holan sa'a 28 ne, wato sa'a 1,680 a shekara. A 1997 aka sa hannu a yarjejeniyar Lisbon, wadda ta juya nauyin hujja: ba ɗalibi ne zai tabbatar cewa karatunsa ya kai ba, hukumar da ke son ƙin karɓa ce za ta nuna cewa akwai babban bambanci. Da wannan doka tana nan a 1958 da Corradi ba ta sake zama jarrabawa ba. Sai kuma a Yunin 1999 ministocin ilimi na ƙasashe 29 suka haɗu a Bolonya suka amince su daidaita tsarin digirinsu.

Duk wannan fa a kan takarda ake yi. Kowane ɗalibin musaya yana da yarjejeniyar karatu da mutum uku za su sa wa hannu, shi da jami'arsa da jami'ar da za ta karɓe shi, in ya canza darasi ɗaya a sake zagayowa. Da imel ya zo sai aka koma bugawa, a sa hannu, a ɗauki hoto, a aika, can ma a buga, a sa hannu, a sake ɗaukar hoto. Wata ma'aikaciya a sashenmu da ta daɗe a wannan aiki ta ce mini takardar kan iso ta yi dishi-dishi har ba a iya karanta sunan darasin.

Amurkawa sun riga kowa gwada aikawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Tun farkon shekarun 1990 ƙungiyar magatakardan jami'o'insu ta fitar da tsari ɗaya na rubuta sakamako wanda na'ura za ta iya karantawa, jami'ar Texas da ke Austin kuma ta riƙe wata na'ura da ke karɓa tana rarrabawa kyauta. A 1993 aka kafa National Student Clearinghouse, da farko don bankunan da ke ba ɗalibai rance su san wa ke makaranta har yanzu, daga baya ta zama wurin tabbatar da digiri. Ƙasar Sin kuwa takardun jabu ne suka dame ta, sai ta wajabta yi wa kowace shaidar digiri rajista a rumbun gwamnati tun daga 2001. Amma kowa a cikin gidansa yake yi, da an zo bakin iyaka sai a koma ambulan.

A nan ne garin da nake zaune ya shigo labarin. Akwai wani dogon gini mai kama da jirgin ruwa da nake wucewa a keke, a ciki hukumar DUO take, wadda ke kula da rancen ɗalibai da rajistar shaidun karatu na Holan, suna raba ginin da masu karɓar haraji. Wani jami'inta mai suna Herman de Leeuw ne ya jagoranci gayyato masu riƙe da irin waɗannan rumbuna daga ƙasashe daban-daban, har da na Sin da na Amurka, kuma a ranar 16 ga Afrilun 2012 suka sa hannu a abin da ake kira Sanarwar Groningen. Ba doka ba ce, ba ta tilasta wa kowa komai, alkawari ne cewa za su nemi hanyar da rumbunansu za su riƙa magana da juna, kuma bayanan su bi ɗalibi duk inda ya tafi, da izininsa. Hukumar tantance shaidun karatu ta Afirka ta Kudu ma tana cikin masu sa hannu. Na yi shekara biyu ina wuce ginin nan ban san haka ba.

Abin da na ga 'yar Norwe ta yi amfani da shi sunansa EMREX. An gwada shi daga 2015 zuwa 2017 tsakanin Norwe, Suwidin, Finlan, Denmak da Italiya, Polan ma tana cikin aikin, daga baya wasu suka shigo har da Holan. Yadda yake aiki shi ne, jami'ar da kake nema tana tura ka zuwa rumbun ƙasarku, ka shiga da shaidarka ta can, ka ga sakamakonka, ka zaɓi abin da za a aika. Rumbun ya sa masa hannu irin na na'ura, wanda in an canza ko harafi ɗaya zai nuna, ya miƙa kai tsaye. Babu wanda ya sake buga maki da hannu, balle ya yi kuskure ko ya ƙara. Kun tuna na ce ijaza a gafakar ɗalibi take? To bayan ɗaruruwan shekaru da jami'a ta ƙwace takardar daga hannun mai ita ta liƙe a ambulan don ba ta yarda da shi ba, ga shi an dawo masa da makullin. Ni wannan ne ya fi burge ni, fiye da saurin.

Wani zai ce me ya hana a tara na kowa da kowa a rumbu ɗaya na Turai baki ɗaya a huta? Akwai dalilin siyasa, kowace ƙasa tana kishin ikonta a kan ilimi. Akwai kuma tsoro mai tarihi. Holan tana da rajistar jama'a mai tsari sosai kafin yaƙin duniya na biyu, har da addinin kowa a rubuce, kuma da Jamus ta mamaye ƙasar wannan rajista ta sauƙaƙa farautar Yahudawa. Kusan kashi uku cikin huɗu na Yahudawan Holan aka kashe. A Maris ɗin 1943 'yan gwagwarmaya suka kai hari ofishin rajistar Amsterdam don su ƙone takardun, aka kama da yawansu aka harbe. Mutanen da kakanninsu suka ga wannan ba sa ɗaukar tara bayanan mutane a wuri ɗaya da wasa. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a Mayun 2018 ta ƙara ɗaure abin.

Ɗaya aikin, mai suna Erasmus Without Paper, wato Erasmus ba takarda, jami'ar Ghent ta Beljiyam ce ta jagorance shi daga 2015, aka ƙaddamar da shi a can a Disamban 2018. Shi tsakanin ofis da ofis ne: yarjejeniyar jami'o'i, sunayen ɗaliban da za a tura, yarjejeniyar karatun nan mai sa hannu uku. Kada ku ɗauka ya tafi sumul. Jami'o'i dubbai ne, kowace da irin manhajarta, an sa wa'adin komawa kansa an ɗage, ma'aikata sun yi ta ƙorafi cewa aiki ya zama biyu, na na'ura da na takarda. Su ma Turawa ba dare ɗaya suka yi ba.

Inda abin ya daina zama maganar sauƙi ya zama maganar rayuwa shi ne lokacin yaƙi. Da Rasha ta afka wa Yukiren a 2022, ɗaliban da suka gudo ba takarda sun samu sauƙi ta wani ɓangare, domin ƙasarsu tana da rumbun ilimi na ƙasa a kwamfuta, ofisoshin nan suna iya dubawa su tabbatar. Da yaƙi ya ɓarke a Khartum a Afrilun 2023 kuwa, kun ga yadda aka kwaso yaranmu da ke karatu a can cikin motoci zuwa iyakar Masar. Wanda ya yi shekara huɗu yana karatun likita, in shaidarsa tana cikin kabad a ofishin da ba mai iya shiga, da me zai nuna? Majalisar Turai ta fara wani abu a Girka a 2017 da ake kira fasfon shaidar karatu na 'yan gudun hijira: masana su zauna da mutum su yi masa tambayoyi a kan abin da ya ce ya karanta, su rubuta abin da suka gamsu da shi. Yana taimakawa, amma bai kai asalin sakamako ba, jami'a tana iya karɓa tana iya ƙi.

A ɓangarenmu ba a rasa yarjejeniyoyi ba. Tun 1968 aka kafa CAMES a Yamai don ƙasashe masu amfani da Faransanci su riƙa amincewa da digirin juna. An yi ta Arusha a 1981, aka sabunta ta a Addis Ababa a 2014, ta fara aiki a 2019, ta duniya baki ɗaya ta UNESCO kuma ta fara aiki a Maris ɗin 2023. WAEC ma ta fitar da shaidarta ta kwamfuta a 2022, kuma tun kafin nan ofisoshin nan sun saba a ba su lambar katin duba sakamako su duba da kansu. Wannan ya nuna abin mai yiwuwa ne. A ganina inda gizo ke saƙar shi ne can ƙasa, wurin da nawa sakamakon aji biyu ya ɓace. 'Yar Norwe ta aika nata cikin minti biyu ne domin tun ranar da malami ya gama duba jarrabawa makin ya shiga rumbu, a tsari ɗaya da na sauran jami'o'in ƙasar, shekara da shekaru. In makin yana cikin littafi a durowar wani, ko wace irin manhaja aka sayo babu abin da za ta aika. Akwai kuma abin da ke ba ni tsoro: yayin da waɗanda ke cikin wannan zobe suke ƙara saba wa sakamakon da na'ura ta tabbatar, mai zuwa da ambulan zai ƙara zama abin tuhuma, ko da nasa ya fi na kowa tsabta.

Saboda haka Auta, ga abin da zan ce maka, da duk wani ƙani ko ƙanwa da ke karanta wannan. Kada ka jira sai ka samu gurbi sannan ka nemi sakamakonka. Tun kana makaranta, ƙarshen kowane zango ka je ka ga an shigar da makinka, ka ajiye kwafi. Ka duba yadda aka rubuta sunanka a shaidar sakandare, da ta digiri, da fasfo. In nan Muhammad ne can Mohammed, ko an sa sunan mahaifi a gaba a ɗaya an sa shi a baya a ɗaya, ka gyara ko ka yi takardar rantsuwa a kotu tun yanzu, domin na'ura ba ta san cewa duk kai ne ba. Ka rubuta wa jami'ar da kake nema ka tambaye su ko za su karɓi sakamakon ta imel kai tsaye daga ofishin magatakarda, da yawa suna karɓa tun bayan annobar korona, kuma ka gaya musu halin da ake ciki kafin wa'adi ya cika, ba bayan ya wuce ba. Na tura wa Yaya Babba kuɗin aikawa ta kamfanin saƙo ko da sun dage sai ambulan.

A gaida Inna da Baba da kyau, a ce wa Inna yajin da ta aiko ya iso kuma har na fara rowarsa. A gaida Kawu da mutanen gidansa, da duk abokai na majalisa. Wanda ya taɓa shan irin wannan zarya ya rubuto mini yadda tasa ta ƙare, ina son in ji. Ni zan koma kan babi na uku, ranar Alhamis zan miƙa in Allah ya yarda.

Wassalam.
Ɗan'uwanku a Groningen.